Yadda Ake Karanta Yanayin Zanen Birni a Lokacin Sanyi: Darasi Daga Titin Montmartre

Wanda ya fara ganin zanen da wasu masu zane na Faransa suka yi a ƙarshen ƙarni na 19 yakan faɗi ɗayan abu biyu. Ko dai ya ce ai wannan ba a gama shi ba, ko kuma, in zanen na lokacin sanyi ne, ya ce akwai kaɗaici a cikinsa. Maganar farko tsohuwa ce. Tun a 1874, lokacin da Claude Monet da abokansa suka baje aikinsu a wani ɗakin ɗaukar hoto da ke Faris, wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya yi musu ba'a da ita, ya ɗauki kalma daga sunan wani zanen Monet na fitowar rana ya laƙa musu. Kalmar tana nufin abin da ido ya kama a kallon farko, kuma sunan ya bi su har yau. Ni zan kira shi salon kallon farko. Magana ta biyu kuwa, wato ta kaɗaici, gaggawa ce ke jawo ta. Mutum ya ga itatuwa ba ganye da sama toka-toka, sai ya yanke hukunci tun kafin ya duba.

Abin da zan nuna a nan shi ne hanyar dubawar. Zan ɗauki zane guda mu bi shi tare, wato wanda Camille Pissarro ya yi a 1897 na babban titin Montmartre da ke Faris da safiyar sanyi, wanda yanzu yake gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York. Faɗinsa kimanin santimita 81 ne, tsayinsa kimanin 65. Idan ka iya bin wannan, za ka iya bin sauran.

Abin da za ka tanada

Nemi hoton zanen mai kyau, wanda in ka zuƙo shi ba ya dusashewa. Gidan Metropolitan yana barin a sauke hotunan tsofaffin zane-zanensa kyauta, don haka gara a je can da a dogara da wanda aka yi ta turawa a WhatsApp har launinsa ya gaji. Allon kwamfuta ya fi na waya. Ka kashe wannan abin da ke mai da allo rawaya-rawaya don kare ido da dare, domin shi kaɗai zai iya mayar maka da safiyar sanyi ta zama yammacin bazara. Sai takarda da biro, da wata 'yar takarda fara da ka huda a tsakiya, hudar kamar girman ƙwayar gyaɗa. Amfaninta zai zo a gaba.

Mataki na farko: minti ɗaya ba tare da karanta komai ba

Rufe bayanin da ke ƙasan hoton. Kalli zanen na minti ɗaya cur, kana duba agogo, don minti ɗaya ya fi tsawo a gaban zane fiye da yadda ake zato. Daga nan rubuta kalmomi uku da suka zo maka. Kada ka gyara su. Su ne zato na farko, kuma duk sauran aikin gwada su ne: ko za su tsaya, ko za su faɗi.

Mataki na biyu: a ina mai zanen ya tsayar da kai?

Wannan tambayar ce aka fi tsallakewa, ita ce kuwa take ɗauke da rabin amsar. A zanen Pissarro ba a kan titi kake ba. Kana sama, kana leƙo ƙasa, titin ya miƙe a gabanka har ya ɓace. Kekunan doki sun jeru, mutane na tafiya a gefe, amma babu fuskar da za ka gane, babu wanda ya ɗago ya dube ka.

Akwai dalili. Pissarro ya kama ɗaki ne a wani otal mai suna Grand Hôtel de Russie, daga tagarsa ya zana titin tsakanin Fabrairu da Afrilu na 1897. Shekarunsa 66 a lokacin, kuma yana fama da ciwon ido da ke tashi in iska da sanyi sun buge shi, abin da ya hana shi tsayawa a waje kamar yadda ya saba a ƙauye. Saboda haka sanyin da ke cikin zanen sanyi ne da ake gani ta taga. Kai mai kallo kana ciki, cikin ɗumi kake kallon masu shan sanyin. Wannan tazarar tana iya zama natsuwa, tana kuma iya zama rabuwa da jama'a, kuma ba za ka san wacce ce ba sai ka duba sauran abubuwan. Ka dai rubuta: daga sama, daga nesa, babu fuska.

Da a ce an zana titin daga ƙasa, daidai tsayin mutum, da ƙafafun dawaki suna tunkaro ka, da yanayin ya zama na cunkoso da hayaniya, ko da launukan ba su canza ba.

Mataki na uku: nemi rana

Tambayi kanka daga ina haske yake zuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce neman inuwa. Inuwa mai kaifi, mai baki a fili, tana nuna rana ta fito sosai. In ka rasa irin wannan inuwar, to gajimare ko hazo ya tace hasken, yana saukowa daga ko'ina daidai wa daida. A zanen namu haka abin yake. Ba za ka ga doguwar inuwa baƙa ta gitta titi ba. Hasken ya bazu kamar an zuba madara a ruwa.

A nan ya kamata mai karatu da ya tashi a ƙasashenmu ya yi hattara, don idonsa ya saba da wata irin rana daban. A Kano, ko a watan Disamba, rana takan hau sama da digiri 50 da tsakar rana, yinin kuma bai gaza awa 11 ba. A Faris a wannan watan yinin bai wuce awa 8 da 'yan mintoci ba, ranar kuma ba ta kai digiri 20 a tsayinta mafi girma. Ko a tsakiyar Fabrairu ba ta kai 30. Ma'ana, abin da kai za ka gani ka ce magariba ta gabato ko hadari ya haɗo, ga mutumin Faris safiya ce kawai irin ta kullum, ya fito neman abinci. Idan ka auna haskensu da ma'aunin namu, kowane zanen sanyi zai zame maka na baƙin ciki.

Duba kuma yawan wurin da sama ta ci a cikin zanen, da launinta. Sama mai faɗi mai haske tana ba ido wurin hutawa. Sama 'yar tsiririya da gine-gine suka matse tana danne ƙirji.

Mataki na huɗu: toka-tokar ba iri ɗaya ba ce

Yanzu ɗauko takardar nan mai huda. Ɗora ta a kan allon yadda wuri ɗaya kawai zai leƙo, ka fara da tsakiyar titi. Ka ce wa kanka sunan launin da ka gani a bayyane. Matsa zuwa bangon gini na dama, zuwa na hagu, zuwa sama kusa da rufin gidaje, zuwa can ƙarshen titi. Abin da ka rantse toka-toka ne zai fara rabuwa: wani ya karkata zuwa shuɗi, wani zuwa ruwan hoda, wani ruwan ƙasa mai haske, wani shunayya-shunayya. Dalilin amfani da hudar shi ne ido yakan yaudari mutum in launuka suna jere. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel-Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins, ya bayyana wannan a 1839: launi yakan canza a ido gwargwadon wanda ke kusa da shi. Duk matar da ta taɓa ɗora mayafi a kan atamfa a kasuwa ta ga ya yi, ta zo gida ta ɗora shi a kan wata ta ga ya mutu, ta san wannan ba tare da littafi ba. Masu zanen kallon farko sun yi aiki da shi sosai.

Raba abin da ka samu gida biyu a takardarka. Launuka masu ɗumi, wato masu karkata zuwa ja, rawaya, ruwan goro da ruwan ƙasa, a gefe guda. Masu sanyi, wato shuɗi, shunayya da toka mai shuɗi-shuɗi, a ɗaya gefen. Sannan ka duba wanne ya fi yawa, kuma, wannan ya fi muhimmanci, a ina aka ajiye masu ɗumin. A ganina abin da ya hana zanen Pissarro zama mai nauyi a rai shi ne ɗumin bai taru wuri ɗaya ba. An yayyafa shi a jikin gine-gine, a kan titi, a tsakanin mutane, kamar garwashin da toka ta lulluɓe.

In zanen da ke gabanka mai dusar ƙanƙara ne, to a nan za ka daɗe. Kada ka yarda cewa ƙanƙarar fara ce sai ka leƙa ta hudar. Misali mafi shahara shi ne zanen Monet na wani tsuntsu da ya sauka a kan ƙyauren shinge, wanda ya yi tsakanin 1868 da 1869, yanzu yana gidan Orsay a Faris. Inuwar da ke kan ƙanƙarar shuɗiya ce mai ratsin shunayya, inda rana ta taɓa kuma akwai ɗan rawaya. Ba son rai ba ne: wurin da rana ba ta kai kai tsaye ba, hasken sama ne ke haska shi, ƙanƙarar kuma tana mayar da launin abin da ya haska ta. Alƙalan babban baje kolin Faris na 1869 sun ƙi karɓar wannan zanen. Inuwa shuɗiya tana nuna rana mai tsabta da sanyi mai cizo. Ƙanƙara mai toka-toka marar inuwa tana nuna sama a rufe, iska a tsaye.

Mataki na biyar: bi titin har inda ya ɓace

Sa yatsa a kan gini mafi kusa, ka bi layin rufin zuwa ciki. Lura da inda tagogi suka daina rarrabuwa, inda bututun hayaƙi suka zama ɗigo-ɗigo, inda gini da sama suka haɗe har ba ka san iyakarsu ba. Saurin wannan ɓacewar shi ne ma'aunin kaurin iskar.

Wannan kam ba sai an koya mana ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya da safiyar hunturu ya ga hasumiyar masallacin da ya saba gani ta shige cikin hazo, ya san yadda iska ke cinye nesa. Bambancin dai a kiyaye shi. Hazonmu ƙura ce busasshiya da ke tasowa daga sahara, launinta fari-fari mai karkata zuwa ruwan ƙasa, tana fasa leɓe da dunduniya. Na Faris danshi ne haɗe da hayaƙin gawayin kwal da ake ƙonawa don ɗumama gidaje, shi ya sa rufin gidajen ke cike da bututun hayaƙi. Wancan yana busar da kai, wannan yana jiƙa ka yana shiga ƙashi. Ka ari abin da idonka ya sani daga hunturu, amma ka bar abin da fatarka ta sani.

Hazo yana yin abu biyu ga yanayin zane. Yana tausasa komai, babu kaifi, babu faɗa tsakanin launuka. Yana kuma rufe ƙarshen hanya, ka ga mutane da kekuna suna shiga inda ba ka gani.

Mataki na shida: matso, sannan ka ja da baya

Zuƙo hoton har mutum ɗaya ya cika allon. Za ka tarar ba mutum ba ne, shafa biyu ne ko uku na buroshi: baƙi a tsaye, ɗan ɗigo a sama. Keken doki kuma 'yan layuka ne kawai. Ja baya, sai ga su sun koma mutane masu tafiya. Wannan ne ya fusata masu suka a 1874, da suka ga mutanen da Monet ya ɗiga a zanensa na titin Capucines suka ce ai tabon baƙin fenti ne.

Abin da za ka duba a nan shi ne halin shafar. Gajeru ne, masu tsalle-tsalle ta ko'ina? To suna ba da motsi da rawar iska. Dogaye ne, a kwance, a jere? Suna ba da kwanciyar hankali. Fentin ya yi kauri har ya taso, ko ya yi siriri har ana ganin saƙar ƙyallen? Kauri yakan ja ido ya tsaya, siriri yakan bar shi ya wuce. A wajen Pissarro shafar ƙanana ce, da yawa, kusan iri ɗaya a kan gini da itace da mutum, har ka ji kamar duka da abu guda aka yi su. Mutumin bai fi bangon da ke bayansa muhimmanci ba. Wani zai ce wannan ƙasƙanci ne ga ɗan Adam a babban birni. Ni ina ganin akasin haka, cewa an saƙa mutanen ne cikin garinsu, amma duk fassarorin biyu suna da madogara a cikin fentin.

Mataki na bakwai: saurara

Zane ba ya magana, amma ka tambayi kanka me za ka ji da an buɗe tagar. A titin Montmartre za ka ji kofaton dawaki, ƙarar ƙafafun keke, muryoyi da ba ka rarrabe su, duk daga ƙasa, a dusashe.

Don ka ji bambanci, buɗe zanen Gustave Caillebotte na rufin gidajen Faris da ƙanƙara ta lulluɓe, wanda ya nuna a baje koli na huɗu na masu zanen kallon farko a 1879, shi ma yana Orsay. Daga taga ta sama aka kalla kamar na Pissarro, gari ɗaya, lokacin sanyi ɗaya. Amma babu titi, babu mutum ko ɗaya, rufi ne bayan rufi da bututun hayaƙi a ƙarƙashin sama mai nauyi, tagogi a rufe. Can shiru ne tsit, irin shirun da ƙanƙara ke kawowa don tana shanye sauti. In kana neman zanen da kalmar kaɗaici ta dace da shi, ga shi nan. Ajiye su gefe da gefe, za ka ga kalmar ta yi wa na Pissarro yawa.

Mataki na takwas: kwatanta shi da 'yan uwansa

Sa'ar da muka yi da wannan zanen ita ce ba shi kaɗai ba ne. Pissarro ya zana titin nan daga wannan otal fiye da sau goma, a lokuta daban-daban, kuma yanzu sun warwatsu a duniya. Na dare yana babban gidan zane na Landan: ƙasa a jiƙe tana mayar da haske, farin hasken fitilun lantarki a tsakiyar titi, rawayan hasken shaguna a gefe, fitilun kekuna a jere. Na rana da yamma yana Hermitage a Rasha. Akwai na safiya mai gajimare a Melbourne ta Ostareliya, akwai na ranar bikin Mardi Gras da titin ya cika maƙil da jama'a. Gine-ginen ba su motsa ba, itatuwan suna nan inda suke. Duk abin da ya canza a ranka daga wannan zuwa wancan, haske da launi da yawan jama'a ne suka canza shi. Babu darasin da ya fi wannan saurin shiga kai, kuma minti goma ya ishe shi.

Mataki na tara: yanzu ka karanta tarihin, da taka tsantsan

Sai a nan za ka buɗe bayanin da ka rufe tun farko. Tarihi yana ƙara haske, amma yana da tarko. Ga misali. Ɗan Pissarro mai suna Félix, shi ma mai zane, ya rasu da tarin fuka a 1897. Mai gaggawa zai ga shekarar ta yi daidai da ta zanen, ya ce ga makokin uba nan a cikin hazon. Amma rasuwar a watan Nuwamba ta auku, zanen kuwa an gama shi tun farkon shekarar. Duba wata, ba shekara kaɗai ba.

Ko inda lokacin ya yi daidai ma a bi a hankali. Matar Monet, Camille, ta rasu a Satumbar 1879, sanyin da ya biyo baya kuma ya yi tsanani har kogin Seine ya daskare, Monet ya yi ta zana ƙanƙarar tana farfashewa a kusa da ƙauyen Vétheuil. Mutane da yawa suna ganin baƙin cikinsa a waɗannan zane-zanen, kuma mai yiwuwa suna da gaskiya. Sai dai kogin ya daskare da gaske, kuma duk mai zanen da ke bakinsa a wannan shekarar zai so ya zana shi. Idan za ka danganta yanayin zane da rayuwar mai shi, ka ce kana zato, ka kuma nuna wurin da ke cikin zanen da ya sa ka zaton.

Mataki na goma: rubuta abin da ka gani

Koma kan kalmomi ukun nan na farko. Soke wadda ba ka samo mata shaida ba. Ga kowace da ta rage, rubuta jimla ɗaya ta abin da ka ji, ka bi ta da jimla biyu ko uku na abin da ke cikin zanen da ya jawo shi: wuri, launi, shafa, haske. Guji manyan kalmomi irin su kyau, ban tausayi, ban sha'awa, don suna shiga kowane zane, ba su faɗi komai a kan wannan ba. In ka ji abu biyu masu karo da juna, rubuta su duka.

Lokacin da na yi wa zanen Montmartre wannan, kalmomina na farko su ne sanyi, kaɗaici, safiya. Ta tsakiyar ba ta tsira ba. Ga abin da ya rage a takardata:

Safiya ce da gari ya riga ya tashi amma bai gama wartsakewa ba. Hasken ba shi da tushe, ya bazu ko'ina, babu inuwar da ta yanke titi. Sanyin yana cikin itatuwan da ba ganye da kuma ƙarshen titin da hazo ya haɗiye, amma bangon gidaje da ƙasan titi suna riƙe da ɗan ɗumi mai ruwan hoda da ruwan ƙasa. Ina kallo daga sama, ba na cikinsu, ban san kowa ba. Kekunan suna bin layinsu, masu tafiya suna bin gefensu, kowa ya san inda za shi.